Ƙaramar Tasha, Dogon Kogi: Abin da Ya Kamata a Bincika Kafin a Kunna Injin



Maganar wutar lantarki a Najeriya ba ta buƙatar doguwar shimfiɗa. Mai walda ya san ta, mai injin niƙa ya san ta, matar da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo ta fi kowa saninta. Ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 200, amma abin da babban layin wuta na ƙasa ke rabawa yawanci bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. A shekarar 2023 aka gyara tsarin mulki, aka kuma sa hannu a sabuwar dokar lantarki, jihohi suka sami ikon samar da wutarsu da rarraba ta. Tun daga lokacin hankula suka ƙara komawa kan koramu da madatsun ruwan da muke da su, ana cewa a sa musu ƙananan injuna su ba mu wuta. Shawara ce mai kyau. Sai dai akwai wata kalma da ke yawo da ita, wadda ke sa mutane su saki jiki, wato a ce ai ƙaramar tasha ce, ba ta da wata illa. A kan wannan za mu tsaya yau.

Mu fara da alherin abin, don kada a ɗauka muna ƙyamarsa. Ƙaramar tashar lantarki ta ruwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun shekarun 1920 aka kafa irinta a tsaunukan Jos, a magangarar ruwa ta Kwall da ta Kurra, domin ba ma'aikatun haƙar kuza wuta. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, shi ya riƙe waɗannan tashoshi, kuma ruwan da ke gangarowa daga dutse ya yi ta juya injunansa shekara da shekaru bayan kasuwar kuza ta faɗi. A Kakara da ke kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, hukumar raya masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka kafa tasha mai kilowat 400 domin masana'antar ganyen shayi, wadda a da take dogaro da man dizal. Ba hayaƙi, ba sayen mai, ba ƙarar janareta. Injin ruwa idan ya sami kulawa yakan rayu fiye da wanda ya kafa shi.

To ina gizo ke saƙar? Sai mun duba yadda tashar ke aiki.

Ƙarfin wutar da ruwa ke bayarwa ya dogara ne da abu biyu: yawan ruwan, da tsayin da yake faɗowa. Idan lita 1,000 na ruwa na faɗowa a kowane sakan daga tsayin mita 10, za a sami wajen kilowat 80. Saboda haka mai tasha kullum abu biyu yake nema, ƙarin ruwa da ƙarin tsayi. A wurare masu duwatsu, yadda ake yi shi ne a gina ɗan shinge a gicciye a kogi, a karkatar da ruwan zuwa wata hanya da aka haƙa a gefen tudu, a kai shi inda gangara ta fi tsanani, a cusa shi cikin ƙaton bututu ya sauka da ƙarfi kan farfelar injin, sannan a mayar da shi kogi can ƙasa. Mai tasha zai ce maka bai sha ko ɗigo ba, duk abin da ya ɗauka ya mayar. Gaskiya ya faɗa. Amma tsakanin inda ya ɗebi ruwan da inda ya mayar, akwai tazara, wani lokaci kilomita ɗaya, wani lokaci biyar ko fiye. Da damina ba a gane komai, ruwa ya ishi kowa. Idan rani ya yi nisa, watan Maris zuwa Afrilu, abin da ke gudana a kogin gaba ɗaya zai iya zama bai kai abin da injin ke buƙata ba. A nan ne wannan tazara ke komawa rairayi da duwatsu. Wanda ke da lambu a wurin, da makiyayin da mashayarsa ke wurin, da matan da ke ɗibar ruwa a wurin, su ba ruwansu da megawat nawa aka rubuta a takarda.

Wannan shi ne kuskuren farko da ake yi a duniya baki ɗaya. Ana auna girman tasha da yawan wutar da take bayarwa, alhali illarta na bin yawan ruwan da ta riƙe ne da lokacin da ta riƙe shi. Ko ma'aunin abin da ake kira ƙaramar tasha bai zama ɗaya ba. Ƙasashe da yawa sun tsaya a megawat 10. A Indiya duk abin da bai wuce 25 ba ƙarami ne, a Birazil 30, a Sin har 50. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙirga irin waɗannan tashoshi fiye da 82,000, masu aiki da waɗanda ake kan ginawa, a ƙasashe 150. A Indiya, tashar da ba ta kai megawat 25 ba doka ta ɗauke mata binciken muhallin da ake tilasta wa manya. Sai ka ga an jera su a kogi guda, wannan na sakin ruwa waccan na karɓa, kowace da takardarta mai cewa illarta kaɗan ce. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Haka ma da kaɗan-kaɗan yake ƙafewa. Ƙasar Sin da kanta ta dawo tana gyara: a kogin Cishui, wani reshe na Yangze, ta rushe madatsu wajen 300 ta kuma tsayar da yawancin ƙananan tashoshin da ke kansa, domin kifayen da suka kusa ƙarewa su sami hanyar komawa inda suke hayayyafa. A ƙasar Bosniya, matan ƙauyen Kurushchitsa sun tare gada fiye da kwana 500, daga 2017 zuwa ƙarshen 2018, suka hana motocin aiki wucewa, domin kogin da za a tare shi ne ruwan shansu. A ƙarshe kotu ta soke izinin ginin.

Yanzu mu dawo gida, domin namu yanayin ya ɗan bambanta. A yawancin arewa ba mu da manyan gangarori irin na Jos da Mambila. Abin da muke da shi madatsu ne da aka riga aka gina domin noman rani da ruwan sha. Saboda haka sai a ce, ai dam yana nan tun tuni, injin kawai za a liƙa masa, me kuma za a bincika? Kogin Haɗeja ya isa ya ba mu amsa.

An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako. An kammala ta Challawa a 1992. Kogin Kano da na Challawa sukan haɗu kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, ya ratsa Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da kogin Jama'are, ya bi ta Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe da ke raba Najeriya da Nijar, inda manoman tattasai na Diffa ke ban ruwa da shi, har ya ƙare a tafkin Chadi. Tiga ta kawo alheri mai yawa. Shinkafa da tumatir da alkama na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam duk daga ruwanta ne, birnin Kano ma yana sha daga nan.

Amma kafin a gina waɗannan madatsu, kogin yana da tsarinsa. Da damina ya cika ya malala, ya shanye fadama, kifi ya bi ruwa ya shiga ciyawa ya zuba ƙwai, a noma shinkafa. Idan ruwa ya janye a shuka wake da sauran amfani a kan laima, shanu su sauko su ci ciyawa. Da rani hanyoyin ruwan su bushe ƙayau. Bayan madatsu, ambaliyar damina ta ragu, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980 da ya ƙara ta'azzara lamarin. A ɗaya ɓangaren, ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan da rani ya sa hanyoyin da a da suke bushewa suka daina bushewa. Wannan ɗan ruwa marar zurfi, marar ƙarfi, wanda ba ya yankewa, shi ne abin da ciyawar kachala ke so. Ta mamaye hanyoyin ruwa, ta tare laka, hanyoyi suka toshe, ruwa ya canza hanya. Wasu garuruwan gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma ruwan ya daina isa gare su. Tsuntsun jan-baki ya sami wurin kwana a cikin kachala, yana fitowa ya cinye shinkafa da gero. Duk wanda ya san Guri da Kirikasamma da hanyar ruwan Marma zuwa Nguru ya san wannan labari ba tatsuniya ba ce. Kuma wurin da ake magana ba ƙaramin wuri ba ne: tun shekarar 2000 tafkin Nguru da hanyar Marma suka shiga jerin dausayin da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, domin tsuntsaye daga Turai sukan zo su yi hunturu a nan. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun gano cewa amfanin da ake samu daga kowane mudu na ruwa a wannan fadama, idan aka haɗa noma da su da itacen wuta, ya fi wanda ake samu daga shi a gonakin ban ruwa na sama nesa ba kusa ba.

Mai sauraro zai ce, to ai ba injin lantarki ya jawo wannan ba. Haka ne. Amma darasin da ke ciki shi ne, abin da ya sauya rayuwar mutanen fadama lokacin zuwan ruwa ne, ba yawansa kaɗai ba. Injin lantarki kuwa yana da nasa lokacin. Yau an sa wa Tiga injuna masu megawat 10, kuma akwai madatsu da dama a arewa da ake sa wa ido. Da zarar injin ya shiga, masu neman ruwan dam sun ƙaru da mutum ɗaya, kuma wannan baƙo yana da baki, domin shi kaɗai ne ke kawo kuɗi a kowace awa. Manomin rani na son ruwa a lokacin da shukarsa ke buƙata. Hukumar ruwan sha na son kada a yanke mata ko yini ɗaya. Masunci da manomin fadama na son babban ruwa da damina, su kuma ga hanya ta bushe da rani don kachala ta mutu. Mai injin yana son ruwa daidai wa daida duk shekara, ko kuma ya riƙe da rana ya saki da magariba lokacin da kowa ya kunna fitila. Wa zai riƙe makullin ƙofar? Idan buƙatu suka ci karo a shekarar da damina ta yi gardama, wa za a fara hanawa? Duk binciken da bai amsa wannan a rubuce ba, bai taɓa ainihin maganar ba.

Doka tana nan. Bayan abin da ya faru a Koko a 1988, lokacin da aka jibge sharar guba daga Italiya, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli, sannan a 1992 ta fito da doka mai lamba 86, wadda ta wajabta binciken tasirin aiki ga muhalli kafin a fara shi. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke kula da ita yanzu. Mai aiki zai yi rajista, ma'aikata ta duba irin zurfin binciken da ya dace, ƙwararru su shiga daji su tattara bayanai, a rubuta rahoto, a baje shi kwana 21 na aiki domin jama'a su gani su yi ƙorafi, kwamitin masana ya zauna a kai, sannan a ba da takardar amincewa ko a hana. A jadawalin dokar, tashar ruwa da aka wajabta wa cikakken bincike kai tsaye ita ce mai madatsar da ta wuce mita 15 a tsayi, ko mai tafkin da ya wuce hekta 400. Yawancin ƙananan tashoshi ba su kai nan ba, sai abin da ma'aikata ta ga ya dace a yi musu. Ga kuma wasu raunuka da kowa ya sani. Mai aikin ne ke biyan ƙwararrun da za su binciki aikinsa. Rahoton da Turanci yake, shafi ɗaruruwa, ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma. Masuncin da abin zai shafa, ko ya ji sanarwa, me zai karanta a ciki?

To mene ne bincike na ƙwarai zai ƙunsa?

Na farko, ya san ruwan kogin da gaske, damina da rani, shekarar yalwa da shekarar fari. Ziyarar mako biyu a watan Satumba, lokacin da ko'ina ya yi kore, ba za ta nuna abin da zai faru a Afrilu ba. Inda babu tsohon ma'aunin ruwa, a kafa sabo, a kuma zauna da dattawan gari, domin sun san shekarar da kogi ya kai gindin tsamiyar kasuwa da shekarar da aka haƙa rairayi kafin a sami na sha.

Na biyu, ya fayyace rabon kogi, wato ruwan da dole a bar shi ya bi hanyarsa komai buƙatar injin. A ƙasashe da yawa an saba ware kashi 10 cikin 100 na matsakaicin ruwan shekara. Lissafi ne mai sauƙi, amma an samo shi ne daga kogunan Amurka, waɗanda ba su san rani irin namu ba. Kogin da ke cika wata huɗu ya kwanta wata takwas, rabonsa sai an tsara shi wata-wata, har da babban ruwan damina da fadama ke jira.

Na uku, kifi. Da farkon damina kifayenmu da yawa sukan hau sama, ko su fita gefe su shiga fadama domin hayayyafa. Shingen da bai kai tsayin mutum biyu ba ya isa ya datse musu hanya, ƙananan da ke gangarowa kuma farfela ta daddatsa su idan ba a sa raga a bakin bututu ba. Akan gina wa kifi matakala a gefen shinge, amma yawancin irin waɗannan an ƙera su ne domin kifayen Turai masu tsalle. A tambayi Sarkin Ruwa yadda tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu ke tafiya, da watan da suke tafiya, kafin a zuba siminti.

Na huɗu, laka da yashi. Abin da ruwa ke ɗaukowa daga sama shi ne takin fadama. Shinge yakan tare shi, bayan shingen ya cike, ƙarfin tashar ya ragu, ruwan da ya wuce kuma ya riƙa cin gaɓa a ƙasa. Idan aka tashi wanke wannan laka a rana ɗaya, sai ta shaƙe kifi ta toshe injunan ban ruwa na manoma.

Na biyar, lafiya. Ruwa kwantacce mai ciyawa gida ne ga sauro da kuma ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini. Ruwa mai gudu a kan siminti kuma yakan zama wurin hayayyafar ɗan baƙin ƙudan da ke jawo makanta a ƙauyukan bakin kogi. Sannan sakin ruwa ba zato: yaro na wanka, mace na wanki, garke na tsallakawa, sai ruwa ya taso. Dole a sami jadawali sananne da hanyar gargaɗi, ko jiniya ce, ko sanarwa ta bakin mai unguwa da gidan rediyo.

Na shida, mutanen da ba su da takardar fili. Mai gona akan biya shi diyya, ko da ba ta taka kara ta karya ba. Makiyayin da burtalinsa ya bi ta inda aka haƙa hanyar ruwa fa? Masuncin da ke zuwa lokacin su kaɗai fa? Matan da ke yankan kaba da masu ɗibar yumɓu fa? Idan aka toshe mashaya ɗaya, shanu za su nemi wata, kuma sau da yawa hanyar ta cikin lambun wani take. Mun san inda irin wannan ke kaiwa.

Na bakwai, kuma shi ne uwa uba, a binciki kogin gaba ɗayansa, daga kai har wutsiya. Kogi bai san iyakar jiha ba. Tunda kowace jiha yanzu tana da ikon neman wutarta, haɗarin shi ne kowace ta duba ɗan yankinta kawai ta ce lafiya lau. Akwai tushen da za a ɗora a kai. A 2006 jihohi shida da ke raba ruwan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, sun haɗu a Damaturu suka amince da tsarin kula da shi tare, suka kafa asusu domin haka. Ga kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ke riƙe da madatsun. Duk sabon injin da za a sa, maganarsa ta bi ta wannan zaure, a ji ta bakin na ƙasa kafin na sama ya sa hannu.

Sannan takardar amincewa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Alƙawarin da aka rubuta cewa za a bar wa kogi rabonsa, wa zai tabbatar da shi da ƙarfe biyun dare a watan Afrilu, lokacin da kowace lita kuɗi ce? A kafa ma'aunin ruwa a ƙasan tasha, a fili, inda kowa zai gani, a ja masa jan layi. Idan ruwa ya sauka ƙasa da layin, dagaci da Sarkin Ruwa da Arɗo su san ofishin da za su kai ƙara, kuma lasisin tashar ya ƙunshi hukuncin da zai biyo baya. Wannan bai kai kuɗin taransfoma ɗaya ba.

Masu zuba jari za su ce duk wannan zai ja lokaci ya ƙara tsada, ga jama'a na cikin duhu. Damuwarsu abar dubawa ce, kuma bai dace a ɗora wa ɗan injin da zai haska ƙauye guda nauyin binciken da ake ɗora wa babbar madatsa irin ta Kainji ba. A daidaita zurfin bincike da yawan ruwan da za a taɓa da yawan mutanen da ke rayuwa a kansa. Amma a tuna, canza wurin shinge a kan takarda aikin yini ɗaya ne, rushe shi bayan an gina kuwa sai an yi shari'a da asara. Kuma binciken kirki mai tasha yake fara yi wa amfani, domin shi ne zai gaya masa tun wuri ko kogin zai iya ciyar da injinsa wata goma sha biyu, ko kuwa wata biyar zai yi yana aiki sauran yana kwance.

Kiranmu ga gwamnatocin jihohi shi ne, yayin da kuke rubuta dokokinku na lantarki, ku sa sharaɗin rabon kogi da jadawalin sakin ruwa a cikin lasisi. Ga Ma'aikatar Muhalli, a taƙaita kowane rahoto da Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsunan mutanen wurin, a karanta shi a rediyo da ƙofar fada. Ku kuma masu sauraro da ke zaune a bakin ruwa, in kun ji an ce za a yi taron jin ra'ayi, ku je, ku tafi da mata da makiyaya da masunta, ku yi tambaya uku: ruwa nawa za a bar mana da rani, yaushe za a riƙa sakinsa, kuma wa za mu kama idan aka saɓa? Ku nemi a rubuta amsar, ku karɓi kwafinku.